Darasin Zane a Babbar Sakandare: Sharhi a kan Zaɓin da Aka Ba Ɗalibi

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba irin zaɓin da ake ba ɗalibin babbar sakandare a Nijeriya dangane da darasin zane da sauran ayyukan fasaha na hannu, sa'an nan ta auna wannan zaɓi da abin da ƙasar Hausa ta gada. Ba tarihin fasaha za a bayar ba, sai ɗan abin da ya zama tilas don a gane inda matsalar ta samo asali.

Tun daga suna ake fara tuntuɓe. Hausa ba ta da kalma guda wadda ta tattara dukan abin da manhaja take nufi da wannan darasi. Kalmar "zane", wato mai dogon wasali a gaɓar farko, ba zanen ɗaurawa ba, ta ƙunshi layin da aka ja a ƙasa ko a takarda, har da tsagar fuska. "Zayyana" ararriya ce daga Larabci, kuma ta fi karkata ga adon allo da na Alƙur'ani. "Sassaƙa" ta turmi ce da kujera da ƙota, "gini" kuwa ya haɗa na ɗaki da na tukwane. Kowace kalma tana da gwanayenta da unguwarsu. To, amma in malami ya zo bayanin siffar mutum da aka ƙera da tagulla ko aka gina da yumɓu, kalmomin da ke kusa da bakinsa su ne "gunki" da "mutum-mutumi". Yaron da ya koma gida ya ce yau an koya musu tarihin gumaka ya riga ya yanke wa darasin hukunci a wurin mahaifinsa. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe.

Rabuwar da ake gani yau tsakanin "zane" da "sana'a" tsohuwa ce. A makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, an ware sashen 'ya'yan sarakuna da na malamai, aka kuma ware sashen sana'a inda ake koyar da irin su dukanci da ƙira da kafinta. Ke nan tun ranar farko littafi ya bi hanyarsa, aikin hannu ya bi tasa, kuma kowa ya san wadda ta fi daraja. Darasin zane irin na boko kuwa ta Kudu ya shigo. Aina Onabolu, wanda ya koyo zane a Landan da Faris, shi ya dage har aka sa shi cikin darussan makarantun Ikko, kuma bisa roƙonsa ne aka kawo Kenneth Murray a 1927. Abin da Onabolu ya sa gaba shi ne kwaikwayon abu kamar yadda ido ya gan shi, da inuwarsa da nisansa, musamman fuskar mutum. Yana da dalilinsa, domin Turawan zamaninsa suna cewa baƙar fata ba zai iya wannan ba. Sai dai abin da ya fara a matsayin martani ya zauna ya zama ma'auni.

Abin mamaki shi ne, a Zariya aka fara yi wa wannan ma'auni tawaye. An mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Badun zuwa Zariya a 1955, kuma a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna kiran a haɗa dabarun Turai da gadon gida. Kowannensu ya waiwayi gadon mutanensa. Okeke, alal misali, ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Amma birnin da ke kusa da su, inda masallacin Juma'a na Babban Gwani Mika'ilu yake tsaye da bakan gizonsa tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, bai sami ɗan gida a sahun gaba na wannan ƙungiya da zai yi masa irin wannan hidima ba. Dalili kuwa a fili yake: makarantun sakandaren Arewa kaɗan ne a lokacin, masu malamin zane a cikinsu sun fi ƙaranci.

A tsarin da ake bi, yaro yana haɗuwa da zane a ƙaramar sakandare cikin darasi guda da ya cakuɗa shi da kiɗa da wasan kwaikwayo. Da ya shiga babbar sakandare sai zane ya zama na ganin dama, a rukunin darussan adabi da tarihi da addini. A nan ne kuskure na farko yake. Ɗalibin da yake so ya zama mai tsara gine-gine tilas ya bi ajin kimiyya saboda lissafi da fiziks, kuma galibi jadawalin makaranta ba ya barinsa ya haɗa da zane. Wato wanda ya fi kowa bukatar horon ido da hannu shi ne aka fara rabawa da shi.

Jarrabawar Hukumar WAEC a wannan darasi ta kasu zuwa tambayoyin tarihi da ƙa'idoji, da zanen abin da aka ajiye a gaban ɗalibi, da kuma aikin ƙirƙira kamar tsara adon yadi ko ginin tukwane. Sashen tarihi ya ba da ƙarfi ga siffofin Nok da Ife da Binin da Igbo-Ukwu, sa'an nan Misira da Girka da Rum da zamunan Turai. Babu mai jayayya da darajar waɗannan. Nok ma a kudancin Jihar Kaduna take, kuma abin kunya ne ɗalibin Arewa ya gama sakandare bai san ta ba. Illar ita ce ma'anar da wannan jeri yake cusawa, cewa fasaha ta haƙiƙa ita ce siffar mutum, duk abin da ba wannan ba kuwa "sana'ar gargajiya" ce, a ambace ta a wuce. Al'ummar da ta zuba basirarta a layi da launi da rubutu, in aka auna ta da wannan mudu, sai ta fito kamar ba ta da kome.

A ɗauki babbar riga mai aska takwas. Adonta ba ya raba ƙirji biyu daidai wa daida. Nauyinsa yana gefen hagu, kan aljihu, inda asake suke sauka da tsininsu, sa'an nan ya haura kafaɗa; a ɗaya gefen kuma tambari yana zaune cikin da'irarsa, a sake maimaita shi a baya. Yadda aka sa ɓangare mai cunkoso ya yi daidai da ɓangare mai fili ba tare da rigar ta karkace a ido ba, wannan shi ne ainihin darasin daidaito da littattafan makaranta suke neman misalinsa a zanen Turai. Bugu da ƙari, mai zana adon a kan ƙyalle da alƙalami da tawada sau da yawa daban yake da mai ɗinkin, kuma galibi malami ne ko almajiri wanda hannunsa ya faɗa da rubutun allo. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya yi nazari mai zurfi a kan wannan. Ashe rabuwar aiki tsakanin mai tsarawa da mai aiwatarwa, wadda ake ɗauka ta zamani ce, tana nan a zaurukan Kano da Zariya tun da daɗewa. Haka za a iya cewa game da allon zayyana na mai sauka, da dagi a fuskar soro, da adon gidajen Birni a Damagaram, da baƙin ɗan Kura mai ƙyalli wanda sai an buga shi da shuni yake samuwa.

An yi wani yunƙuri. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2011 ta wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki sana'a guda daga cikin 34, kuma a cikinsu akwai rini da dukanci da ɗaukar hoto. Amma an sa su ne a matsayin hanyar neman abinci, nesa da darasin zane, wato rabon Nasarawa ya sake dawowa da sabuwar riga. Makarantu da yawa, saboda rashin kayan aiki, suka zaɓi sana'o'in da ake iya koyarwa da alli kawai. A 2025 gwamnati ta sanar da rage sana'o'in zuwa shida, kuma babu rini babu dukanci a cikinsu, ko da yake ɗinki ya tsira. Rage nauyin darussa abu ne mai kyau. Sai dai yanzu yaron da ya tashi kusa da marinar Ƙofar Mata, in ba ta darasin zane ba, ba shi da ƙofar da zai shigo da sanin gidansu cikin takardar shaidarsa.

Ba za a tsallake batun addini ba, domin shi ne hujjar da iyaye suka fi kawowa, kuma ba daidai ba ne a kira ta jahilci. Hani game da siffanta mai rai yana cikin hadisai ingantattu. Amma malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin siffa cikakkiya mai inuwa da wadda aka zana a shafe, kuma babu saɓani game da itace da tulu da gini da rubutu. Ita kanta jarrabawar tana ba da zaɓi tsakanin zanen mutum da na kayan amfani da na tsirrai. Da shugabannin makarantu suna bayyana wa iyaye wannan da Hausa tun kafin a cike takardar zaɓen darussa, da an rage gudun. Abin da ya fi yawa shi ne shugaban ya sami uzurin rufe darasi mai cin kuɗin takarda da fenti.

Saura tambayar wanda zai koyar. Ƙa'ida ta sa takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar malanta, saboda haka marini ko baduku ko magini, kome gwanintarsa, ba ya cikin lissafi. Shi kuwa malamin da ke da takarda, an horar da shi ne a kan manhajar da ake kuka da ita. Ba a cewa gwanin gargajiya shi kaɗai ya isa. Sau da yawa yana aiki ne ba ya bayani, kuma zanen abu daga kallo horo ne da ɗalibi yake bukata ko da ɗinkin hula zai yi. Abin da ake nema shi ne su biyun su haɗu a aji guda. An taɓa gwada irin wannan a wajen makaranta: Ladi Kwali, Bagwariya wadda ta koyi ginin tukwane a gida, ta shiga cibiyar Michael Cardew a Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta koyi aikin na'ura da gashin zamani ba tare da ta yar da adonta ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. A ƙa'idar ɗaukar malamai, irinta ba za ta sami aji a babbar sakandare ba.