Hanta Ta Zauna, Ƙoda Na Biyan Bashi

Lokacin da Thomas Starzl ya fara dashen hanta a Denver ta Amurka a 1963, babban abin tsoro shi ne garkuwar jiki ta far wa baƙuwar hanta. Maganin cyclosporine, wanda Amurka ta amince da shi a 1983, shi ya kwantar da wannan tarzoma, tacrolimus kuma ya biyo baya a 1994. Tun daga nan al'adar likitocin dashe ta kafu: a ba majiyyaci ɗaya daga cikinsu har ƙarshen rayuwarsa, a riƙa auna yawansa a jini.

Sai dai magungunan biyu suna tsuke ƙaramar jijiyar da ke shigar da jini matatar ƙoda. Suna ƙara sinadarin endothelin mai matse jijiya, suna rage wanda ke sassauta ta. Da farko abin kan warware idan aka rage magani. In an daɗe, bangon jijiyar ya yi kauri, naman ƙodar ya yi tabo, ba gyara. A 2003 Akinlolu Ojo, likita ɗan Najeriya da ke Jami'ar Michigan a lokacin, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa kusan kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashen hanta sun kamu da ciwon ƙoda mai tsanani cikin shekara 5.

A ganina, ɗora wa magani laifin duka sauƙaƙa zance ne. Mai ciwon hanta da ya yi nisa yakan iso ɗakin tiyata da ƙoda a galabaice: jijiyoyin hanjinsa sun saki, jini ya taru can, jiki ya ɗauka jini ya ƙaranta, sai ya matse jijiyoyin ƙoda. Ga zubar jini a tiyata, ga ciwon suga da hawan jini, waɗanda magungunan kansu ke haddasawa. Tun 2002 kuma Amurka ke jera masu jiran hanta da ma'aunin MELD, wanda ke lissafa lalacewar ƙoda, don haka masu raunin ƙoda ne ke shiga gaba a layi.

Inda al'adar ta fi gazawa shi ne awo. Creatinine, sinadarin da ake aunawa a jini don gane aikin ƙoda, daga tsoka yake fitowa, mai ciwon hanta kuwa ya rame, sai sakamako ya fito lafiya lau alhali ƙoda ta ja baya.

Yanzu cibiyoyi da yawa na jinkirta tacrolimus na 'yan kwanaki bayan tiyata, ko su rage shi su haɗa da mycophenolate ko everolimus. Janye shi gaba ɗaya da wuri kan jawo jiki ya ƙi hantar, shi ya sa har yau ba a rabu da shi ba. Ɗan Kano ko Zariya da aka yi wa dashe a Indiya ko Masar ya dawo gida, ibuprofen ko diclofenac da zai saya a kemis don ciwon baya ƙara matse jijiyar nan ta ƙoda suke yi.