Kabarin Takarda: Nazari a Kan Littattafan Yizkor na Yahudawan Gabashin Turai

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wasu Yahudawa 'yan asalin birnin Lodz na ƙasar Poland da ke zaune a New York suka yi karo-karo suka buga littafi a kan garinsu. A lokacin danginsu na can tsare a unguwar da 'yan Nazi suka killace su, an riga an fara ɗibarsu rukuni-rukuni zuwa inda ba a dawowa. Wannan littafi shi ake ɗauka a matsayin na farko cikin jerin waɗanda ake kira littattafan yizkor. Bayan yaƙi irinsa sun fito ɗaruruwa, galibi daga 1950 zuwa wajen 1980, a Isra'ila da Amurka da Ajantina, kowane ɗaya a kan gari guda.

Yizkor kalmar Ibrananci ce, ma'anarta "Allah Ya tuna". Sunan addu'a ce da ake yi wa mamata a majami'a sau huɗu a shekara. Al'adar rubuta sunayen waɗanda aka kashe kuwa tsohuwa ce a wajen Yahudawan Turai. Tun 1296 aka fara wani kundi a Jamus, wanda aka fi sani da kundin Nuremberg, mai ɗauke da sunayen mutanen da aka hallaka tun daga 1096, lokacin da mayaƙan Salibi suka afka wa garuruwa irin su Worms da Mainz. Sai dai waɗancan kundaye al'umma ce mai rai take karanta su a majami'arta. A zamanin 'yan Nazi kuwa majami'ar ma an ƙone ta, masu karatun sun tafi. Yahudawan Poland sun kai miliyan 3.3 a 1939, kuma kimanin miliyan 3 daga cikinsu ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Yawancinsu ba wanda zai iya nuna kushewarsu. Shi ya sa masana biyu, Jack Kugelmass da Jonathan Boyarin, da suka tattara zaɓaɓɓun rubuce-rubuce daga littattafan a 1983, suka ɗauke su a matsayin madadin dutsen kabari.

Masu rubutun ba malaman jami'a ba ne. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ne da ke zaune a baƙon wuri, teloli da 'yan tireda da malaman makaranta, waɗanda suka yi ƙaura kafin yaƙi da 'yan tsirarun da suka tsira. Sukan kafa kwamiti, su aika wasiƙu ƙasa-ƙasa: duk mai hoto ya aiko, duk mai labari ya rubuta. Wani littafin yakan ci shekaru kafin ya kammala, sannan a buga 'yan ɗaruruwan kwafi da Yidish ko Ibrananci, ko duka biyun, a raba wa 'yan gari.

Tsarinsu kusan ɗaya ne. A farko tarihin garin, sai malaman addini da makarantu da jam'iyyun siyasa, sai ranar cin kasuwa, sai labarin zuwan Jamusawa, a rufe da jerin sunayen mamata gida-gida. Abin da ya fi jan ido shi ne taswira. Mutum ya shekara ashirin rabonsa da garinsu, ya zauna ya zana shi daga ka: ga dandalin kasuwa, ga rijiya, ga gidan wanka, ga hanyar maƙabarta, ga gidan wane kusa da na wance, kowane ɗaki da sunan mai shi. A wasu littattafan akwai shafuka na laƙabin da aka san mutane da shi. Ana ba da labarin ɗan ga-ruwa da ungozoma da mahaukacin gari, mutanen da babu kundin gwamnatin da ya taɓa damuwa da su. A nan darajar wannan rubutu take. Wanda ya yi kisan ya mai da mutane adadi, su kuwa 'yan gari suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna mayar wa kowa sunansa da sana'arsa da ƙofar gidansa.

Garin Eishyshok na Lituweniya ya isa misali. A ranakun 25 da 26 ga Satumba 1941 aka harbe Yahudawan garin da na kewaye. Rahoton kwamandan Jamus Karl Jager ya gama da su a layi guda: mutum 3,446. Yaffa Eliach, wadda ta tsira tana ƙaramar yarinya, jikar masu ɗaukar hoton garin ce. Ta yi shekara 17 tana bin 'yan garin da suka warwatsu a duniya, tana roƙon hotunan da ke ɓoye a akwatunansu. Kimanin dubu daga ciki yanzu suna jere a bangon wata hasumiya mai hawa uku a gidan tarihin kisan kiyashin da aka buɗe a Washington a 1993. Ba gawa ko ɗaya a cikinsu. Hotunan biki ne da na 'yan makaranta da na iyali sun ci ado. Littafinta na 1998 a kan garin ya bi wannan hanya ta yizkor, sai dai da kayan aikin masanin tarihi.

To, amma so hana ganin laifi. Wanda yake rubutu a kan mahaifiyarsa da aka kashe ba zai tono rigimar gado ba. Garuruwan da ke cikin littattafan nan sukan fito da tsabta fiye da yadda gari yake kasancewa. Talaucin da ya kori dubbai zuwa Amurka tun kafin Hitler yakan koma abin tunawa da murmushi. Wanda ya riƙe kwamiti shi ke riƙe alƙalami: in masu ra'ayin kafa ƙasar Isra'ila ne, sai a taƙaita labarin 'yan jam'iyyar Bund ta ma'aikata da 'yan gurguzu. Maza sun fi mata yawa a cikin marubuta. Maƙwabta Kirista, waɗanda aka shekara ɗaruruwa ana ciniki da su, ba kasafai suke fitowa da suna ba sai a babin bala'i. Kwanan wata da adadi kuma sau da yawa daga tunani aka ɗauko su. Saboda haka masana tarihi suka daɗe suna yi musu kallon littattafan makoki kawai.

Labarin garin Jedwabne na Poland ya nuna kuskuren wannan raini. Littafin tunawa da garin ya fito a 1980, kuma shaidun da ke ciki sun ce maƙwabtansu 'yan Poland ne suka kora Yahudawa cikin rumbu suka cinna masa wuta ranar 10 ga Yuli 1941. Dutsen da hukuma ta kafa a wurin kuwa Jamusawa ya ɗora wa laifin. Sai a 2000, da masani Jan Gross ya haɗa irin waɗannan shaidu da takardun kotu ya fitar da littafinsa, ƙasar ta ɗauki zafi. A 2001 Shugaban Poland na lokacin, Aleksander Kwasniewski, ya je garin ya nemi gafara. Binciken hukuma ya tabbatar da hannun mutanen gari, da ingizawar Jamusawa, amma ya ce waɗanda aka kashe aƙalla 340 ne, alhali adadin da aka daɗe ana faɗa 1,600 ne. Ke nan shaidun sun faɗi gaskiya a kan wanda ya aikata, lissafi ne ya zama abin a sake dubawa.

Yau matsalar ta harshe ce. Jikokin marubutan da yawa ba sa karanta Yidish, littafin yana kan kanta kamar kayan gado da aka rasa mabuɗinsa. Babban ɗakin karatu na New York ya ɗora ɗaruruwansu a intanet, 'yan sa-kai na shafin JewishGen kuma suna fassara su zuwa Ingilishi babi-babi. Cibiyar Yad Vashem da aka kafa a birnin Ƙudus a 1953 ta shigar da jerin sunayen da ke cikin littattafan a rumbunta, wanda ya tara sunaye kimanin miliyan 5 daga cikin Yahudawa miliyan 6 da aka kashe.

Littafin yizkor shaida ne, kuma kowane shaida ana yi masa tambayoyi kafin a yanke hukunci. Amma da waɗannan teloli da 'yan tireda sun tsaya jiran ƙwararru, da sun mutu da abin da suka sani. Sun rubuta tun masu tunawa na raye, shi ya sa a yau jika zai iya ɗora yatsa a kan taswira ya ce nan ne gidan kakarsa.