Abin da Ido Bai Gani Ba a Dareta: Sharhi kan Littafin Reality+

A 2022 David Chalmers, masanin falsafa ɗan Ostireliya da ke koyarwa a Amurka, ya fitar da littafinsa Reality+. Da'awarsa ita ce abubuwan da kwamfuta ke ƙagowa ba ruɗu ba ne, samammu ne, illa dai da lissafi aka gina su. Ya kuma taɓo fasahar da za mu kira ƙari-kan-gani, wadda ke ɗora hoto a kan abin da kyamara ke kallo, kamar dodannin wasan Pokémon GO na 2016 ko kwalliyar Snapchat da ke gyara mana fuska.

Mun yarda da shi a wuri guda: ido ba alƙalin ƙarshe ba ne. Imam Gazali ya riga shi faɗa a Munƙiz, inda ya kawo misalin inuwa da muke gani a tsaye alhali tafiya take, da tauraro da muke gani kamar dinari alhali girmansa ya wuce tunani. Karin maganarmu ta ce gani ya kori ji, amma ganin ma yana buƙatar mai gyara masa.

Inda muka rabu da shi kuwa, Dareta ce ta raba mu.

A Maris 2010 likitocin MSF suka lura yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Ana kawo duwatsun zinare cikin gida, a daka, a niƙa, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. A cikin ƙurar akwai dalma. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu. Iyayen ba makafi ba ne. Sun ga dutse, sun ga zinare da farashinsa ya tashi a kasuwar duniya. Dalmar ce ba ta da kamar da ido zai kama.

Sai masu bincike suka zo da na'urar hannu, XRF. A ɗora ta a ƙasa, lamba ta fito. Tsakar gidan da aka share tas ta zama wurin haɗari. Da waɗannan lambobi aka san inda za a kankare ƙasa a zuba sabuwa. A wurinmu wannan shi ne ƙari-kan-gani na haƙiƙa.

Ashe ƙarin iri biyu ne: mai buɗewa da mai lulluɓewa. Gwajin da muke ba da shawara mai sauƙi ne: kashe na'urar, ka ga me ya rage. Ka kashe Snapchat, ƙurajenka na nan, kwalliyar ta tafi. Ka kashe XRF, dalma na nan tana shiga jinin yaro. Chalmers zai ce dodon wasa ma yana da tasiri, tun da yana sa mutum ya fita titi. Haka ne, amma tasirinsa sai an kalle shi. Dalma ba ta jiran mai kallo. Kiran su biyun "samammu" da murya ɗaya na iya zama daidai a aji, amma yana dushe bambancin da rai ya rataya a kansa.

Akwai kuma abin da littafin bai tsaya a kai sosai ba: wa ke riƙe da gilashin? Na'urar da ta buɗe idon Dareta daga waje aka kawo ta. Kuma an san halin da Bagega ke ciki, amma sai a 2013 aka fara kwashe ƙasarta, bayan an daɗe ana jiran kuɗin gwamnati. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Muna ba da shawarar a karanta Reality+, don yana kaifafa tunani. Amma duk lokacin da waya ta ɗora mana wani abu a kan duniya, mu tambaye ta: nuna mana kika yi, ko rufe mana?