Waƙoƙin Manoman Hangari a Kan Fiyano

Manoman Hangari, wata ƙasa a tsakiyar Turai, suna da waƙoƙin gado waɗanda baki ne kaɗai ya riƙe su. Cikin 1906 wani makaɗi, Bela Bartok, ya shiga bin ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, kakar garmaho, yana tara su kamar yadda abokinsa Zoltan Kodaly ya ke yi. Sa'an nan ya mai da waɗansu kiɗan fiyano, watau akwatin kiɗan Turawa mai haƙora farare da baƙaƙe. Abin tambaya shi ne, ya raya waƙoƙin ne, ko kuwa ya binne su?

Kafinsa Franz Liszt ya yi kiɗan fiyano guda 19 da sunan Hangari, amma yawancin karin da ya ɗauka na makaɗan birni ne, ya kuma lulluɓe shi da gwaninta har ya nutse. Bartok bai bi wannan hanya ba. A littafinsa na yara, na 1908 zuwa 1909, akwai kiɗa 85, 42 na Hangari, sauran na maƙwabtansu Sulobak. A nan karin waƙa shi ne maigida, sauran sautuka barori ne. Tsofaffin waƙoƙin ƙasar a kan sauti biyar a ke gina su, su fara sama su gangaro. Bai tilasta musu tsarin kiɗan birni ba, ya bar su da halinsu. Wannan abin yabo ne ƙwarai.

Amma fa akwai hasara. Fiyano ba ya magana, saboda haka kalmomin sun zube, baƙin cikin bazawara ya zama daɗin kunne kawai. Kuma muryar tsohuwa ta kan faɗa tsakanin haƙori da haƙori, inda fiyano ba shi da sauti. A kiɗa takwas da ya yi cikin 1920 kuwa, ya yi wa karin nauyin kaya, har sai mai kunne ya ke gane shi. Nan Bartok a ke ji, ba manomi ba.

Duk da haka aikin ya ci sunansa. Ya rasu a Amurka cikin 1945, ga shi har yanzu yara a ƙasashe da yawa da karin waɗannan manoma su ke koyon fiyano. Muryoyin da ya ɗauka kuma suna ajiye a Budafes. Wanda ya ji fiyano kaɗai, rabin waƙar ya ji.