Zaɓen Manhajar Tace Fim: Nasiha Ga Ƙananan Masu Shirya Fim

Tun daga shekarar 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, har zuwa wannan zamani da saurayi kan ɗauki wasan kwaikwayo da hantsi ya ɗora shi a YouTube kafin a kira isha'i, babu wani sashe na sana'ar fim da ya sauya kama kamar tacewa, wato yanke hotuna da jera su da daidaita sauti har labari ya tsaya da ƙafafunsa. Aikin da a dā sai mai hannu da shuni ke iya mallakar kayansa, yau ya shiga ɗakin duk wanda ke da kwamfuta, kuma wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya. Sai dai tare da sauƙin nan wata ɗabi'a ta yaɗu wadda nake ganin wajibi ne a yi magana a kanta, domin galibin masu farawa ba su zaɓen manhaja bisa hujja, sai bisa abin da suka ji ana yayi, kuma da yawansu ta hanyar da ba ta halatta ba suke samunta.

Sunan da ya fi yawo a bakin editoci shi ne Premiere Pro na kamfanin Adobe, kuma ba wanda zai yi musun ingancinta. Amma tun daga 2013 kamfanin ya daina sayar da ita sayarwa ta dindindin, ya mai da ita haya wadda ake biya wata-wata da kuɗin waje, alhali kuwa dalar da hukuma ke canzarwa a kan naira 460 da 'yan kai kafin watan Yuni na 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Saboda haka mai ƙaramin jari, wanda bai san ko kashi na gaba na shirinsa zai mai da kuɗin abincin 'yan wasa ba, sai ya nufi shagon mai gyaran kwamfuta a zuba masa wadda aka fasa makullinta, ya dawo yana murna ya sami banza, bai san cewa sau da yawa tare da ita ake shigo da ƙwayoyin cutar da ke lalata aikin wata guda a dare ɗaya ba.

Asarar aiki ma ita ce ƙaramar illa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta yanke hukunci cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a yi mata ta'adi ba. Masu shirya fim na ƙasar Hausa su ne suka fi kowa sanin ɗacin wannan ta'adi, tun da satar fasaha na cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifai. To, da wane baki wanda ya yi kuka an kwafi fim ɗinsa zai kare kansa, in an tarar da kayan sata ya tace shi? In ya kafa hujja da lalura, hujjar ba ta tsayuwa, gama lalura ba ta tabbata sai inda aka rasa halal, halal kuwa ga ta nan kyauta.

Kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya, wanda ya sayi DaVinci Resolve a 2009, yana bayar da ita ba tare da ko sisi ba, kuma a cikinta akwai wurin yanka, da wurin gyaran launi wanda manyan fina-finan duniya ke amfani da shi, da sashen sauti na Fairlight da aka haɗa mata a 2017; wanda ya buƙaci ƙari sai ya sayi babbar, Studio, sau ɗaya tak. Sharaɗinta shi ne tana son kwamfuta mai ƙarfi, ko da yake mai hikima kan sa ta yi masa ƙananan kwafi marasa nauyi ya yi yanka da su, sa'an nan a fitar da fim daga hotunan asali. Wanda na'urarsa ta gaza haka, ga Kdenlive da Shotcut, su ma kyauta ne, sun kuma isa aikin wa'azi da biki da gajeren wasa. Mai kwamfutar Apple kuwa yana da Final Cut Pro, wadda a kanta edita Walter Murch ya tace fim ɗin Cold Mountain na 2003.

Game da CapCut ta kamfanin ByteDance, wadda ta mamaye wayoyin samari, ba na hana mai barkwancin minti ɗaya amfani da ita. Damuwata ita ce shiryayyun salon da take miƙo wa kowa sun sa ayyukan yaranmu sun zama kamar an buga su da hatimi ɗaya, hoto na tsalle, rubutu na walƙiya, alhali ba a bar fuskar uwa mai jimami ta daɗe a allo gwargwadon da mai kallo zai ji abin a zuciyarsa ba. Ban da haka, a watan Janairu na 2025 an wayi gari ta daina aiki na ɗan lokaci a Amurka saboda dokar da ta shafi TikTok, wanda ke nuna haɗarin jingina sana'a ga abin da wani zai iya rufewa daga nesa.

Kafin mutum ya ba kowace manhaja amana, ya jarraba ta da abubuwa uku. Ya duba ko tana adana aiki da kanta, yadda in an ɗauke wuta ana tsakiyar yanka ba zai koma farko ba. Ya rubuta ƙasa da ɗaki da ɓera a rubutun ƙasan allo, ya fitar, ya gani ko haruffan masu lanƙwasa sun fito daidai ko sun zama ƙananan akwatuna, in sun lalace ya sauya samfurin harafi tun kafin abin ya kunyata shi a gaban jama'a. Sa'an nan ya ɗauki maganar da aka naɗa kusa da janareta, ya ga iyakar abin da za ta iya tsabtacewa, domin mai kallo kan yafe hoto mai dishi-dishi, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ƙaramin mai shirya fim ya ɗauki Resolve ta kyauta in na'urarsa za ta iya, in ba za ta iya ba ya ɗauki Kdenlive, ya lizimce ta da haƙuri har hannunsa ya saba, kada ya riƙa sauyawa duk sa'ad da aka yi sabon yayi. Ina kuma roƙon manyan editoci da suke da almajirai a ƙarƙashinsu, su fara koya musu da manhajar halal, su nuna musu dalilin kowane yanka kafin su nuna musu maɓallinsa. Allah Ya sa albarka a sana'ar, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani.