Sabuwar ciyawa a kan tsohuwa: gajeriyar hanya mai cin kuɗi

Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin masu sayar da furanni da masu gyaran harabar gida: wai idan ciyawar fili ta tsufa ta yi faci-faci, ba sai ka wahala da fartanya ba. Ka sayo sabuwa da ƙasarta, ka shimfiɗa a kai kamar darduma, ta ƙasan za ta ruɓe ta zama taki. In kana cikin kwamitin makaranta ko ƙungiyar ƙwallo a Toranke, ko wani gari a Ajingi da Gaya, ka dakata kafin ka fitar da kuɗin jama'a.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ciyawar da aka hana haske tana mutuwa, kuma in ta ruɓe tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Matsalar lokaci ne. Ruɓewa tana ɗaukar makonni ko watanni, ita kuwa ciyawar da aka yanko an datse mata yawancin saiwa, tana buƙatar kama ƙasa cikin mako biyu. In ka ɗora ta kan tsohuwa, saiwar tana lilo a cikin iska, ta bushe. Ka ƙara ruwa kuma, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da tsohuwar su kwashe iskar oksijin da sinadarin naitirojin da sabuwar ke nema. Daga baya filin ya lotsa nan, ya yi tudu can, ga gara ta samu abinci.

Babban kuskuren shawarar shi ne ɗaukar cewa tsohuwar za ta mutu. Tambayi kowane manomi labarin kiri-kiri da aya-aya. Kiri-kiri, wadda ake kira Cynodon dactylon a kimiyyance, tana da jijiyoyi masu rarrafe a ƙarƙashin ƙasa. Aya-aya kuma tana da ƙulli da take ajiye abinci a ciki. Dukkansu suna iya ɓullowa ta tsakanin shimfiɗar.

Sai batun ruwa. Damina a gabashin Kano kusan wata huɗu ce, kuma jigawa ba ta riƙe ruwa. A zafin Maris da Afrilu fili na iya rasa milimita 6 ko fiye a rana, wato lita 6 a kowace murabba'in mita. Fili mai mita 10 tsawo, 10 faɗi zai sha lita 600 kullum: jarka 24 mai lita 25. Wa zai biya mai ruwa?

To mene ne mafita? In kiri-kiri ce a filin, ba ka buƙatar sabuwa. Ita ce ake shukawa a filayen wasa da yawa na ƙasashe masu zafi. Sassauta ƙasa, zuba takin gargajiya da ya ruɓe sosai, dasa gutsattsarinta a guraben da suka mutu idan ruwa ya zauna. In kuma dole sai sabuwa, tone tsohuwar har jijiya, kwashe, daidaita ƙasa, jiƙa ta, sannan ka shimfiɗa ka danne.

Bayan mako biyu, kama gefen ciyawar ka ja a hankali. In ta ƙi tasowa, ta kama. In ta ɗago kamar tabarma, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.