Gwanintar Sanin Abin da Ba Za a Aika Ba

Akwai dandalin taro na intanet da kowa ke shiga da siffarsa, yana yawo cikin fili, ya tsaya wurin wannan, ya wuce wancan. Yawon nan ne ke ba maginan dandalin wahala. In mutum 100 suna fili ɗaya, aka ce sai kowa ya san motsin sauran 99, taku ɗaya na kowannensu saƙo 9,900 ne. Wayar mutumin Sabon Birni ko Isa, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, har wasu na bakin iyaka kan nemi layin Nijar, ba za ta ɗauki wannan lodi ba.

Abin da ke burge ni shi ne yadda gwanayen suka koyi rage kaya. Ran kasuwa, mai cinikin rago a kara ba ruwansa da hayaniyar 'yan yadi, kunnensa na wurin dillali. Haka Steve Benford da Chris Greenhalgh na Jami'ar Nottingham a Ingila suka tsara dandalin MASSIVE a tsakiyar shekarun 1990: kowa na da kewayensa, sai naka ya taɓa nawa sannan a haɗa mu, kuma gwargwadon kusancinmu nake jin muryarka.

Wata dabarar ta fi wannan daɗewa. A shekarun 1980, SIMNET, tsarin horar da sojojin Amurka tuƙa tankar yaƙi, ya daina aika labarin kowane motsi. Kwamfutarka ta san inda na dosa da saurina, sai ta ci gaba da tafiyar da ni bisa kintace. Sai tafiyata ta saɓa wa kintacen sosai ake turo gyara, a daidaita ni a hankali don kada in yi tsalle a allonka. Wannan aikin mai zurfin tunani ne.

Dandalin Second Life, da aka buɗe a 2003, ya yanka duniyarsa gida-gida, kowanne mita 256 tsawo da faɗi, da kwamfuta mai kula da shi daban. Sai dai mutane ba sa bazuwa daidai, inda jama'a take nan ake ƙara cincirindo. Gida ɗaya ya cika har tafiya ta yi nauyi, maƙwabtansa wayam. Shi ya sa gwani ke fara nazarin inda mutane ke tsayawa hira da hanyoyin da suke bi, kafin ya raba wa kwamfutocinsa aiki.